Jan Kifin da Aka Ɗinka da Ankon Malama

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, akwai wata yarinya a unguwar Moss Side da ke birnin Manchester. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa Auta yake ce mata. Yarinya ce mai kaifin kai da saurin hannu. Ba a taɓa jin ta ce ba za ta iya abu ba. Wannan hali ne mai kyau. Amma akwai wani mummunan hali da ke biye da shi. Idan Auta ta sa abu a gaba, ba ta tsayawa neman izini.

Kowace Asabar tana zuwa ƙaramin laburaren unguwarsu. A Asabar ta ƙarshe a watan Afrilu, wata mata 'yar ƙasar Japan ta zo ta yi wa yara bayani. Ta buɗe jakarta, ta fito da wani dogon kifi na yadi. Bakinsa a buɗe yake, cikinsa babu komai.

Matar ta ce a ƙasarsu, ranar biyar ga watan Mayu ranar yara ce. Idan ta matso, ana ɗaura irin waɗannan kifaye a kan doguwar sanda a waje. Iska ta shiga ta baki ta cika cikin, sai ka ga kifi yana ninƙaya a sama. Sunansu koinobori. Baƙin na uba ne, jan na uwa, ƙananan kuma na 'ya'ya.

Auta ta ɗaga hannu. Ta tambaya me ya sa kifi za a sa a sama, ba tsuntsu ba. Matar ta yi murmushi. Ta ce wannan kifi ne da ba ya bin ruwa duk inda ya ja shi. Haurawa yake yi, komai ƙarfin ruwan.

Da farko an shirya yaran su ɗinka nasu, su ɗaura a ƙofar laburaren. Amma da aka gama bayani, ma'aikaciyar wurin ta ce musu daga ranar an rufe. An ce babu kuɗi. Ba a tambayi yaro ko ɗaya ba. Ba a tambayi iyaye ba. Takarda kawai aka manna a ƙofa. Wannan ba daidai ba ne, kuma babu wanda ya zo ya gyara shi.

Yara suka yi tsuru-tsuru. Auta kuwa ta rataya jakarta, ta ce, "To, ni a gida zan yi nawa."

A gidansu ma shekarun sun taɓa kowa. Abba injiniya ne. Da aka rage ma'aikata, sai a Birmingham ya samu wani aikin, a wajen Aston. Can yake kwana, sai ƙarshen mako yake dawowa. Umma kuma tana aiki a wata cibiyar kula da ƙananan yara, ita ma aka rufe ta. Umma ba ta zauna kuka ba. Ta fito da keken ɗinkinta, ta kafa shi a falo. A hankali matan Najeriya suka fara kawo mata ɗinki, domin hannunta yana da kyau kuma ba ta saɓa alkawari.

Ɗakin ɗinkin yana da doka guda. Akwai kwandon ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. Duk abin da ke cikinsa Auta za ta iya ɗauka. Duk yadin da ba a cikinsa yake ba, amanar mutane ce.

Ranar Litinin bayan makaranta, Umma ta ce za ta je wajen likita ta dawo. Tana fita Auta ta jawo kwandon. Ta samu ragowar baƙin yadi, ta ce wannan na Abba ne. Ta samu shuɗi, ta ce na Yaya Musbahu ne da ke jami'a. Ta samu kore, ta ce nata ne. Amma ja babu, sai 'yan guntaye da ba su kai tafin hannu ba.

Sai idonta ya faɗa kan wata atamfa. Ja ce, da zanen ruwan zinare mai lanƙwasa kamar ɓawon jikin kifi. A ninke take a kan kujera. Gefenta ɗaya ya sauko, yana taɓa bakin kwandon.

Auta ta tsaya tana kallonta. Zuciyarta ta ce mata wannan ba ƙyalle ba ne. Wa ya taɓa ganin ƙyalle a goge, a ninke? Amma ta ce wa kanta ai yana taɓa kwandon. Da ta jira, da Umma ta dawo kafin shayi ya huce. Ba ta jira ba. Ta ɗauki almakashi.

Gaskiya ita ce, aikin ya yi kyau. Ta yanka dogayen gefe biyu, masu faɗi ta wajen kai, masu siranta ta wajen wutsiya. Ta hau keke ta ɗinke su tsaf, kamar yadda Umma ta koya mata. Ta lanƙwasa waya ta yi baki. Ta sa manyan maɓallai ta yi idanu. Haka ta ɗinka sauran ukun ma. Ta fita bayan gida, ta ɗaura kifayen a sandar da ake tokare igiyar shanya. Iskar Manchester ba ta rowa. Nan da nan jan kifin ya cika, ya miƙe, ya fi katanga tsawo.

A daidai lokacin Umma ta shigo lungun bayan gida. Ba ita kaɗai ba ce. Ta haɗu da Malama Celestina a tashar bas, suka taho tare.

Malama Celestina mutuniyar Jos ce. Ta koyar a makaranta a gida, ta koyar a nan, har ta yi ritaya. Ba ta ɗaga murya, amma ba ta barin kuskure ya wuce. Jikarta Rhoda za ta yi aure ranar Asabar a Lozells, can Birmingham. Daga Jos aka aiko da ankon dangi, an raba, bai rage ko yadi ɗaya ba. Umma ta gama ɗinka wa Malama riga. Abin da ya saura na siket ne da ɗankwali. Gwaji Malama ta zo yi.

Malama ta ɗaga kai. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta ce wa Umma, "Batulu, ko idona ne? Ankona nake gani yana yawo a sama."

Umma ta dafa katanga.

Suka shiga tsakar gida. Auta tana tsaye a gindin sandar, murmushinta ya fara gudu. Malama ta tambaya wa ya yanka. Auta ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sorry," da sauri, irin wanda ake faɗa idan an taka ƙafar mutum a bas.

Umma ta shiga ba da haƙuri. Ta ce laifinta ne da ta bar yadin a kujera. Ta ce za ta sayi wata atamfar da ta fi wannan, ta kwana ɗinki. Malama ta bari har ta gama.

"Batulu, ba ke kika riƙe almakashi ba," in ji ta. "Kuma ba atamfar da ta fi wannan nake so ba. Tawa nake so. Ni ce kakar amarya."

Ta juya wajen Auta. Ta ce, "Ke kuma, na ji sorry ɗinki. In ɗaura shi a ƙugu in tafi coci?"

Auta ta girgiza kai.

Malama ta ce a naɗe mata abin da ya rage ta tafi. Ta ce ranar Asabar mata za su tambaye ta me ya hana ta sa anko. Ita kuwa ba ta ƙarya. Za ta faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru.

Nan Auta ta gane girman abin da ta yi. Kusan duk matan da ke kawo wa Umma ɗinki za su je bikin nan. Idan suka ji cewa yadin amana ya zama kifi a gidan Batulu, wa zai sake kawo nasa? Ta dubi Umma. Umma ba ta harare ta ba. Ƙasa kawai take kallo, kuma wannan ya fi harara ciwo.

Auta ta ɗago kai. "Malama, ni na ɓata. Ki ba ni dama in gyara."

"Da me za ki gyara?"

"Da hannun da na ɓata."

Malama ta daɗe tana kallonta. Sannan ta faɗi sharuɗɗanta. Kifin zai sauko yanzu. Auta za ta warware ɗinkin gaba ɗaya da kanta, ba tare da ta yaga yadin ba. Umma ba za ta sa mata hannu ba. Malama za ta riƙa zuwa kullum bayan makaranta ta zauna ta gani. Idan an gama, a duba ko siket zai fita. Idan bai fita ba, maganarta ta farko tana nan.

Auta ta kwance kifin da kanta. Iskar ta fice daga cikinsa, ya zama tsumma a hannunta.

Da yamma Abba ya kira waya. Auta ta so Umma ta faɗa masa, amma Umma ta miƙa mata wayar. Ta faɗi komai. Abba bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta ko ta san yadin ba na kwando ba ne kafin ta yanka. Ta ce ta sani.

"To, Auta, kin faɗi gaskiya, saura aiki," in ji Abba. "Ki yi shi da kyau."

Washegari aka fara. Ɗinkin da keke ya yi cikin ɗan lokaci, hannu ya kwana biyu yana warware shi. Auta ta matse zaren sosai, don kada iska ta fasa kifin. Yanzu kowane ɗinki sai ta sa tsinin allura ta ɗago shi, ta yanke, ta zare. Da ta gaji ta fara ja da ƙarfi, sai ta ji ɗan ƙara. Yadin ya fara tsagewa.

"Tsaya," in ji Malama. "Saurin nan ne ya kawo mu nan. Ajiye, ki sha ruwa, ki dawo."

Auta ta so ta yi kuka. Yatsunta sun yi ja. Ta ji muryar ƙawayenta suna wasa a lungu. Amma ta sha ruwa ta dawo.

A rana ta biyu Malama ta tambaye ta labarin kifin. Auta ta ba ta labarin matar Japan da laburaren. Da aka zo kan rufe laburaren, Malama ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce ta je har ofishin ƙaramar hukuma ta faɗa musu ba su kyauta ba, kuma za ta sake komawa. Sannan ta tambaya me ya sa jan kifin ya fi na uban girma.

Auta ta saci kallon Umma, wadda ke can tana guga. Ta rage murya. Ta ce tun da aka rufe wurin aikin Umma, kullum haurawa take yi, kamar kifin. Ta so Umma ta fito ta ga nata ya fi kowanne.

Malama ta sake cire tabarau ta goge, ko da yake babu ƙura a jikinsa.

"Niyyarki kyakkyawa ce, jikata," in ji ta. "Amma da kayan wani kika yi ta. Ba a yi wa uwa kyauta da abin da zai zubar mata da mutunci. Ci gaba, ga wani zare can kin tsallake."

Ranar Alhamis aka gama. Auta ta goge yankan biyu ta shimfiɗa a tebur. Umma ta auna, ta juya, ta sake aunawa. Ta ce idan aka kifa su, faɗin ya koma ƙasa, aka haɗa da ragowar yadin, siket mai buɗaɗɗen ƙasa zai fita. Auta ta yi tsalle.

Umma ta ce ta dakata. Siket zai fita, amma zai cinye komai. Ɗankwali babu.

Malama ta ce kakar amarya ba ta shiga coci da kai a buɗe. Ta ce gyaran bai cika ba.

Auta ta tsaya tana tunani. Sannan ta hau sama. Ta buɗe akwatinta. A ciki akwai wani yadi ruwan zinare mai sheƙi, wanda Abba ya sayo mata a Birmingham tun da wuri don kayan Sallah. Kullum sai ta buɗe ta shafa shi. Ta ɗauko, ta sauko, amma ba ta miƙa wa Malama ba tukuna. Ta tsaya gaban Umma.

"Umma, wannan nawa ne ko? Kin yarda in bayar?"

Umma ta ce nata ne. Ta tuna mata cewa idan ta bayar, da tsofaffin kaya za ta yi Sallah, domin ba za a sayi wani ba. Auta ta ce ta sani.

Malama ta ɗora yadin a kan atamfar. Launinsa ya dace da zanen zinaren kamar tare aka saƙa su. Da wata ce, da ta ce a bar wa yarinya kayanta. Malama ba ta ce haka ba. Ta karɓa, ta ce, "Yanzu ya cika." Kuma daidai ta yi. Gyaran da bai ci wa mai laifi komai ba, ba gyara ba ne.

Ranar Asabar suka hau babbar bas zuwa Birmingham. Abba ya tarye su, suka wuce ɗakin taron biki a Lozells. Mutane sun cika, Musulmi da Kirista, ana ta gaisawa da Hausa ana haɗawa da Turanci. Malama ta shigo a gaban dangi, siket yana rausaya, ɗankwalin zinare yana walƙiya.

Mata suka kewaye ta. Wata mai suna Zinatu ta kama gefen siket ɗin tana duba ɗinkin. Ta tambaya wa ya yi wannan aiki, kuma me ya sa ɗankwalin Malama ya fita daban da na kowa.

Auta ta san Malama ba ta ƙarya.

Malama ta yafito ta da hannu. Ta dafa kafaɗarta a gaban kowa. Ta ce, "Batulu ce ta ɗinka. Wannan yarinyar kuma ta yanka min yadi ba da izini ba, ta yi kifin Japan da shi."

Mata suka buɗe baki. Malama ta ɗaga yatsa, irin na aji, kowa ya yi shiru.

"Ban gama ba. Ta zauna ta warware shi da hannunta. Abin da ya ɓace ta biya da yadin Sallarta, shi ne a kaina. Uwarta ba ta ɓoye min komai ba. Gidan da ake gyara ɓarna haka, can zan ci gaba da kai ɗinkina."

Zinatu ta yi dariya. Ta ce ita ma a yi mata irin wannan siket ɗin, amma don Allah kada a fara shanya shi a sama. Kowa ya sa dariya, har da Umma. Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Washegari Lahadi ce, biyar ga Mayu. Auta ta ɗaura kifaye uku a sandar, baƙi da shuɗi da kore. Tsakanin baƙin da shuɗin akwai fili. Ta zauna a dokin ƙofa tana kallon filin.

Bayan an tashi daga coci, aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Malama ce, da wani tsohon jan zane a hannu. Ba ta miƙa ba. Ta tsaya kawai tana jira.

Auta ta gane. Ta miƙe ta gaishe ta, sannan ta ce, "Malama, kin ba ni wannan zanen in yanka?"

"Na ba ki."

"Duka?"

"Duka. Amma ki rage min wanda zai isa ƙaramin kifi. Nawa 'ya'yan sun yi nisa, sandarku kuma tana da sauran wuri."

Kafin la'asar kifaye biyar suna sama. Abba ya ƙara wa sandar tsawo, har ana hango su daga tashar bas. Yaran da suka saba zuwa laburare suka taru a lungu suna nunawa. Umma ta fito, ta yi wa idonta inuwa da tafin hannu saboda rana, ta daɗe tana kallon jan kifin. Shi ne ya fi kowanne girma.

Daga ranar Auta ta riƙe abu biyu. Kafin ta taɓa abin da ba nata ba, sai ta tambayi mai shi. Idan kuma ta yi ɓarna, ba ta tsayawa a ba da haƙuri da baki. Zama take yi ta gyara, har sai mai abin ya ce ya cika.

Da Sallah ta zo, tsohuwar rigarta ta sa. Ta ɗan matse ta a hannu, amma Auta ta fita da ita kai a ɗage.